Harsashin da Ya Sauka a Allo na Shida

A kwance suka fara haɗuwa, kuma ita ko dubansa ba ta yi ba. Filin harbi ne a bayan garin Parakou, a shekarar 1978, zamanin da matashin da ya gama lakol, wato makaranta, yake hidimar ƙasa, ya koyar da yara, ya koyi riƙon bindiga, ana kuma kiran kowa kamarad har da mai ƙosai. Daga cikin matasan nan aka tsamo masu hannu aka kafa ƙungiyoyin gasa. Massaoudou yana ƙungiyar Parakou, tabarmarsa ta biyar. Housseina ta zo tare da 'yan Djougou, tata ta shida.

Sau uku ya saci kallonta kafin a busa usur. Ita kuwa ta ɗora kumatu a gindin bindiga, ta saki numfashi, ta taɓa kunama, babu abin da ke gabanta sai baƙin ɗigon nan da ke can mita hamsin. Kowa harsashi goma, tsakiyar allo maki goma. Da aka duba alluna, ta fi shi da bakwai.

Ya same ta tana karkaɗe ƙasa daga gwiwar hannu.

"Kamarad, wa ya koya miki harbi haka?"

"Sojan da ya koya maka, lajidan ɗin nan. Ni dai na saurara."

"Ni ma ai na saurara."

"Kai gefe ka yi ta kallo. Allonka kuwa yana gaba."

Wani da kunya ta kore shi. Massaoudou dai ya tsaya yana dariya, har ya samu sunan unguwarsu da na mahaifinta.

Daga nan wasiƙu suka fara tafiya. Kawunsa Chaibou direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tsakanin Parakou da Djougou, shi ke kaiwa yana kawowa, yana mitar an mai da shi gidan waya. Massaoudou ya raɗa mata Lamba Shida. Ita ta ce masa Ɗan Ganou, don a unguwar Ganou gidansu yake.

Ya rubuta: "Lamba Shida, faɗa mini sirrin. In na yi goma sai in fara lissafin nasara, in na yi shida sai in yi ta jin haushi har harsashi na gaba ya lalace. Yanzu kuma ga ki kin shigo cikin lissafin. Ina son ki, ban san yadda ake ajiye wannan a gefen tabarma ba."

Ta amsa: "Ɗan Ganou, ba sirri. Tun ina ƙarama nake tsintar goro a gidanmu. Babanmu yakan ce in goro yana hannunki, shi kaɗai ne goro, kada ki tuna wanda kika jefa a kwando, kada ki leƙa wanda ke ƙasa, in ba haka ba mai tsutsa zai wuce ki. Haka nake yi da harsashi. Maganar so kuma na karanta ta sau huɗu. Ka ajiye ta a gefen tabarma minti ashirin, ba za ta gudu ba, ni ma haka."

Bayan shekara guda manyansa suka sa manyan riguna suka tafi Djougou. Alhaji Saidou, mahaifin Housseina, ya karɓe su a zaure, ya ba su goro mai kyau, ya kuma hana su 'yarsa cikin ladabi. Gidansa tun zamanin ayari yake wurin. Mahaifin Massaoudou kuwa daga Nijar ya zo da aikin mota.

"Ba ni da abin faɗa a kan addininku ko halinku," in ji Alhaji. "Amma na san mutanen hanya. Jikinku a nan, hankalinku a wani gari. Ni mai zama nake nema wa 'yata."

Mai zaman da yake nufi kowa ya san shi. Kabirou ne, ɗan ƙanensa, wanda shi ke shugabantar ƙungiyar harbin Djougou, mutum mai tsabtar kaki da yawan bayani.

Kwana biyu bayan haka aka yi gasa a Djougou, aka sake jera su kamar da, shi na biyar, ita na shida. Massaoudou ya kwanta, ya ɗauki bindiga, amma rabinsa yana zauren Alhaji yana ba da amsoshin da ba a ba shi damar bayarwa ba. A harsashi na bakwai ya ɗaga kai daga ɗura bindiga, ya mai da ido, ya ga baƙin ɗigo, ya harba. Harbin ya yi kyau ƙwarai. Allon ne ba nasa ba.

Mai duba alluna ya fito daga rami yana ɗaga hannu. Allo na biyar huda tara, na shida huda goma sha ɗaya. Tun da ba a iya gane wace huda ce baƙuwa, dokar gasar ta ce a cire mafi ƙanƙanta. Aka cire wa Housseina bakwai ɗin da ta san tata ce, aka bar mata goman da ta san ba tata ba ce. Da wannan ta zo ta ɗaya.

Kabirou bai bari maganar ta huce ba. A gaban 'yan ƙungiya ya ce, "Wasu turare suke kai wa budurwa, wasu kuma maki. Ƙanwata, ki gode masa mana. Ya ga ba za ki iya ke kaɗai ba."

Housseina ta karɓi takardar yabo ba ta yi murmushi ba. Tun da ta fara harbi take fama da maza masu cewa sun bar mata ne, kuma ba abin da ta tsana kamar wannan. Wasiƙar da Chaibou ya kawo a makon gajera ce.

"Kamarad Massaoudou, ban roƙe ka goma ba. Na ɗauka kai ne mutum ɗaya da ke ɗaukar harbina da gaske. Kada ka sake turo manya."

Ya ji zafin kamarad ɗin nan fiye da sauran kalmomin. Ya yaga takarda uku kafin ya rubuta wadda ya aika.

"Housseina, wallahi ba kyauta ba ce, abin ya fi haka muni. Ban san inda nake ba. Ina kwance a fili amma ina zauren Baba ina gardama. Abin da ya faɗa a kaina, shi na aikata a gaban garinku. Ki yi fushi da sakarcina, na yarda, amma ban taɓa raina hannunki ba, masoyiyata."

Sati uku shiru. Sannan amsa ta zo.

"Ɗan Ganou, ban san wanne zan gaskata ba. Akwai gasar ƙarshe a Parakou bayan sallar layya. Ka zo da hankalinka gaba ɗaya ka yi ƙoƙarin kayar da ni. Ina kwance kusa da kai, in ka sassauta zan ji a ƙarar bindigarka. Baba ya ce zai zo, yana son ganin mutumin da ke harbin allon mutane."

Wata biyu Massaoudou yana fita fili da sassafe. Sau da yawa ko harsashi ba ya samu, don lajidan ba ya ba da su sai ranar horo. Sai ya kwanta da bindiga ba komai a cikinta, ya duba lambar allo, ya ja numfashi, ya saki rabi, ya taɓa kunama. In tunanin Alhaji ya zo, ya sauke bindiga ya fara daga farko. A kwanakin farko ya fi saukewa fiye da harbawa.

Ranar gasa rana ta yi zafi tun hantsi. 'Yan kallo suna bayan igiya, taku kaɗan daga ƙafafun masu harbi. Alhaji Saidou ya ratsa mutane da lemarsa ya tsaya daidai bayan tabarma ta biyar, ba ta 'yarsa ba.

Aka busa usur. Massaoudou ya duba lamba, ya harba. Takwas. A da wannan takwas ɗin za ta bi shi har ƙarshe. Ya bar ta a allo, ya ɗura na biyu.

A na huɗu Alhaji ya yi gyaran murya, irin wadda ke sa 'ya'yansa miƙewa tsaye. A na shida ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfin da kowa zai ji, "Wannan ne ɗan direban?" A na takwas ya saki lemarsa ta faɗi kan igiya. Lajidan ya harare shi, amma ba wanda ke tsawata wa dattijo irin wannan, ko a zamanin juyin juya hali.

Massaoudou ya ji duka, kunne ba ya rufuwa. Ya ji, ya bari suka wuce, ya koma kan numfashinsa. Kabirou ya gama da wuri, ya tashi yana bayanin iska. Saura mutum biyu a kwance, kowanne da harsashi ɗaya.

Housseina ta harba nata. Massaoudou ya ɗaga bindiga, ya ji zuciyarsa ta fara tambayar maki nawa ta yi, nawa yake bukata, me za a ce a Djougou. Ya sauke. Ya share gumi da kafaɗa, ya duba lamba biyar, ya sake ɗagawa. Sannan ya harba.

Aka ƙirga alluna sau biyu. Kowanne huda goma cif. Massaoudou casa'in da huɗu, Housseina casa'in da uku.

Ta zauna a tabarma tana kallon takardar makin. Haushin faɗuwa ya kama ta sosai, don ba ta saba ba, farin ciki kuma ya fi haushin yawa.

"Ka kayar da ni, Ɗan Ganou."

"Da maki ɗaya, Lamba Shida."

"Ka riƙe shi da kyau. Baɗi zan karɓe."

Alhaji ya ɗauki lemarsa ya yafito su. Ya fara da 'yarsa.

"Wanda ya kunyata ki a gaban mutane, shi kike so?"

Ta sunkuyar da kai. "Bai kunyata ni ba, Baba. Shi ne bai bar mini hanya ba."

Ya juya ga Massaoudou, wanda ya riga ya durƙusa.

"Yaro, ka ji ni a bayanka?"

"Na ji, Baba. Sau uku."

"Me ya hana ka waiwayo?"

"Akwai harsashi a bindigar, Baba. Na ce in na gama da shi zan zo in gaishe ka da kyau."

Alhaji ya dube shi, irin duban da yake yi wa kayan goro kafin ya ce a ɗaure. Sannan ya ce, "Na yi maka hukuncin mutanen da ban zauna da su ba. Ka ce wa manyanka su dawo. Su zo da Chaibou ɗin nan ma, in ga wanda ke shigo mini da takardu gida."

Bayan damina aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Saidou a Djougou. Kabirou ya zo, ya yi wa baƙi bayanin cewa shi dama tun farko ya ga sun dace. Chaibou ya wanke kamiyonsa ya ɗauko amarya da kayanta da 'yan rakiya zuwa Ganou, a hankali ƙwarai, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba.

Kafin motar ta tashi, Alhaji ya leƙa ta taga ya riƙe hannun 'yarsa. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku riƙe juna da gaskiya. Kai kuma Massaoudou, na ba ka ita da zuciya ɗaya."

Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa, Chaibou ya tada mota.