Karnukan Gidan Ja'afaru

"Kada ki motsa, Turai."

Ban motsa ba. Ina tsaye a tsakar gidan da aka ce nan da sati uku zai zama gidana, a Unguwar Dosa, wani baƙin kare ya kafa mini ido ta tsakanin katakon ƙofa. Kansa ya kai akushi. Ko haushi bai yi ba, gurnani kawai yake can ƙasan maƙoshi, har cikin hanjina nake jin abin.

"Duna ke nan," in ji Ja'afaru, saurayina, yana magana ƙasa-ƙasa. "Ba da ke yake ba, masoyiyata. Ɗan'uwansa yake jiyowa."

Daga ɗaya ɓangaren gidan, bayan wata ƙofar, wani gurnanin ya amsa.

"Wancan kuma Kure."

Ƙawata Halima da ta rako ni tuni ta kai bakin titi, takalmi a hannu. Ƙawar arziki ke nan.

Na ce, "Yaya Ja'afaru, gida ka kawo ni gani ko daji?"

Bai yi dariya ba. Ya ce karnukan na wansa Shehu ne. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa su suna 'yan kwikwiyo, irin masu faɗin kai da gajeren gashi, waɗanda in sun kama ba sa saki. Lokacin da Shehu ke raye kwano ɗaya suke ci. Mota ta kashe shi a hanyar Zariya shekara biyu da suka wuce, kuma tun ranar sadakar uku karnukan nan ba su sake haɗa ido ba sai da jini.

"Doka ɗaya ce a gidan nan," ya ce. "Ba a buɗe ƙofofin nan biyu lokaci guda. Ɗaya ya fito ya sha iska, ya koma, sannan ɗayan. Abinci ma kowa da nasa."

"In aka yi kuskure fa?"

"Ba a ihu, ba a duka. Duka ƙara musu wuta yake. Ƙafafun baya ake kamawa a ɗaga, a ja da baya."

"Ka rabu da su mana."

Ya dubi ƙofar Duna.

"Kayansa duk an raba, Turai... Su kaɗai suka rage mini."

Gaskiya na ji tsoro ranar. Amma tausayinsa ya fi tsoron yawa, kuma a nan na san ba ƙaramin so nake yi wa bawan Allahn nan ba.

Kafin in isa gida Kawo labari ya riga ni. Rabe ne ya kai, ɗan kawuna, direba a tashar Kawo, wanda ya shekara uku yana mini zarya ina ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Na tarar da Baba zaune kan buzunsa, fuska ba annuri.

"Gidan da mala'ikun rahama ba sa shiga, nan za ki zauna?"

"Baba, a bayan gida suke, don gadi..."

"Ban tambaye ki ba."

Aka kira Ja'afaru. Ya zo kan babur ɗinsa Besfa daga ofis, ya durƙusa ya yi bayani, ya roƙi a ba shi lokaci. Baba mutum ne mai sayar da yadi, ya saba auna abu sau biyu kafin ya yanka. Ya saurare shi har ƙarshe.

"Na riga na ba ka, ba zan zama ƙaramin mutum ba. Amma ka ji da kyau. Wallahi tallahi, in jini ya zuba a gidan nan saboda karnukan nan kafin ɗaurin aure, babu kai babu Turai."

Duk Kawo an san rantsuwar Babana, Malam Inuwa. Ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba.

Rabe yana zaure, ya ji komai. Da na fito ya yi mini murmushi, irin wanda ban so ba.

Ranar Alhamis, ana gobe ɗaurin aure, mata suka tafi jere. Gwaggo Indo, ƙanwar Baba, ita ce shugabar tafiya. Gwaggo ba ta ganin ƙofa a rufe ta ƙyale, kuma a wurinta amarya ba ta shiga gida sai an share kowane lungu an turara shi, ko da akurkin kaji ne. Ja'afaru ya roƙe su kada su taɓa ƙofofin baya, sannan ya koma gindin mangwaro a waje, tunda ango ba ya tsayawa cikin surukai.

Ni kuwa ina ɗaki a Kawo, an ƙunsa mini lalle hannu da ƙafa, sai ga Halima ta faɗo ba sallama.

"Turai, na ji Rabe da kunnena a zaure. Ya ce wa Gwaggo wai ba kare kaɗai ke ɗakunan nan ba, kwalaben giya ango ya ɓoye. Ta ce sai ta gani da idonta."

Na tashi zaune.

"Yaushe suka tafi?"

"Sun kai rabin awa."

Na kwance ƙunshin da haƙorana. Inna tana kirana ban waiwaya ba, Halima na biye da ni. Amaryar da ake ɓoyewa ko rana kada ta gani, ga ta a titi tana tare tasi, lalle ɗanye yana zuba.

Tun daga kan kwana na ji kururuwar mata.

Kaskon turare ya kife a tsakar gida, garwashi a warwatse. Ƙofofin nan biyu duk a buɗe. Gwaggo ta fara buɗe ta Kure, ta gan shi kwance, ta bar ta a sake don hayaƙi ya shiga, ta wuce ta biyu. Yanzu tana zaune a ƙasa jikin bango, zane ya kama ƙafarta, karnukan kuma sun cure wuri ɗaya suna birgima a gabanta. Wata na jifansu da muciya, wata na buga tasa.

Ja'afaru ya riga ni shiga. Ya faɗa tsakaninsu da Gwaggo, ya kare ta da jikinsa. Duna ya juyo a makance ya cafke masa hannun dama.

Na ji ƙarar ƙashi.

"Turai, fita..." in ji shi.

Ban fita ba. Kure ya riƙe wuyan Duna, Duna ya riƙe Ja'afaru. Na yi bisimilla na kama ƙafafun Kure na baya da hannuwan nan masu lalle, na ɗaga, na ja. Nauyinsa kamar buhun masara. Ya saki, na ja shi har cikin ɗakinsa, Halima ta banko ƙofa ta sa sakata. Da na dawo Duna ya riga ya saki da kansa. Ya kwanta, jini na tsiyaya daga wuyansa, yana lasar takalmin Ja'afaru.

Kafin la'asar Duna ya mutu.

Matan suka tsaya suna kallon hannuwana. Ni dai ban damu ba. Jinin da ke malale a siminti nake kallo, don na san abin da yake nufi.

An ɗinke hannun a asibiti, amma yatsu biyu ba su tsira ba. Akawu ne, da wannan hannun yake cin abinci.

Washegari da hantsi, Juma'a, Ja'afaru ya zo. An riga an kawo goro, tabarmi na jingine ba a shimfiɗa ba, don Baba bai ce a shimfiɗa ba. Ina laɓe bayan labule, idona ya kumbura.

Ja'afaru ya durƙusa, hannu rataye a wuya.

"Baba, ban zo roƙo ba. Ka yi rantsuwa, jini kuma ya zuba. Na zo neman gafara ne. Na binne ɗaya, ɗayan na kai shi gonar wani abokin marigayi, inda zai zauna a sake shi kaɗai. Shekara biyu na kulle su ina cewa amana nake riƙo, ashe ni ne na kasa yarda Yaya Shehu ya tafi. Saura kaɗan in jawo asarar rai."

Ya share hawaye da hannun hagu. Ni ma na toshe bakina.

Gwaggo Indo ta fito tana ɗingishi. Ita da ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba tun da aka haife ni.

"Yaya, ni na buɗe. Yaron nan ya hana, Rabe ya zuga ni, na biye masa. Ko kwalba ɗaya babu. Haƙoran da suka shiga hannunsa, fuskata suka nufa."

Baba ya dubi zaure. Rabe ya tafi lodin Kano tun da asuba, ba wanda ya aike shi.

Na ƙanƙame labulen.

"Turai," in ji Baba, bai ko juyo ba. "Na san kina nan. An ce kin kama kare da hannunki."

"Na wanke sau bakwai, Baba."

"Ba shi na tambaya ba. Mutum mai yatsu takwas, kina so?"

"Ko babu hannun gaba ɗaya, Baba."

Na faɗa, kunya ta biyo baya. Inna ta yi salati daga madafi.

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Shekara sittin bai taɓa warware rantsuwa ba, kuma na ga yadda abin ke cinsa. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, an ce ya yi kaffara ya bi alherin. Ban taɓa zaton zai zo kaina ba."

Ya kira Inna.

"Mariya, auno hatsin mutum goma a kai wa mabuƙata, yanzu, kafin a tafi masallaci."

Sannan ya miƙe, ya ɗauko tabarmar farko da kansa ya shimfiɗa.

"Tashi, Ja'afaru. Je ka sa babbar riga, in ka iya sawa da hannu ɗaya. In ba ka iya ba, zo in sa maka."