Ranar da Rago Ya Tunkuyi Motar Baba

A garin Sule Tankarkar akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Tana da ƙoƙari, amma akwai ta da gaggawa. In an aike ta, kafin a gama faɗa mata saƙon ta riga ta kai zaure.

Mahaifinta, Malam Ilu, yana da wata tsohuwar mota ƙirar Fijo, shuɗiya. A wurin mahaifinsa ya gaje ta. Da ita yake ɗaukar fasinja zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Babu abin da Malam Ilu yake ji da shi kamar fentin motar nan. Tun da ta fito daga kamfani ba a taɓa sake mata fenti ba. Direbobin tasha har zolayarsa suke yi, wai yana lallaɓa mota kamar jaririya. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan fentin shi mahaifina ya riƙa gogewa da hannunsa. Ba na so a rufe shi."

Ita kuma yarinyar tana da rago. Kakarta ce ta ba ta shi tun yana ƙarami. Ragon ya ci dusa ya ƙoshi, ƙahonsa ya murɗe, ga shi da neman faɗa.

Wata Asabar da safe Malam Ilu ya wanke motar, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Ya ajiye ta a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Zai tafi suna a unguwar gaba, a ƙafa.

Ya ce wa yarinyar, "Ki kai ragonki turkensa na bayan gida. Kada ki bar shi kusa da motar nan."

Ta ce, "To, Baba."

Ta jawo ragon ke nan sai ƙawarta Murja ta ƙwala mata kira daga bakin layi. An zana 'yar gala-gala, ita kaɗai ake jira. Bayan gida ya yi mata nisa. Sai ta ɗaure ragon a jikin darbejiyar, ta ruga da gudu. Ko tsawon igiyar ba ta duba ba.

Rago dai bai san madubi ba. Ya matso kusa da motar, sai ya ga wani rago a jikinta yana hararar sa. Ya karkata kai, wancan ma ya karkata. Ina! Ai wannan raini ne. Ya ja da baya, ya taho da ƙarfinsa. Gwaf!

Yarinyar ta ji ƙarar tun daga wurin wasa. Suka sheƙo ita da Murja. Gefen motar, daidai saman tayar gaba, ya lotsa ciki, faɗinsa ya kai kwanon sha. Fentin dai bai fashe ba.

Ta ja ragon ta kai shi bayan gida, ta dawo wurin motar.

Murja ta ce, "Je ki faɗa wa Ummanku."

"Tab! Ni zan gyara kafin Baba ya dawo."

"Kin iya ne?"

"Mene ne abin wuya? In kwanon silba ya lotsa, ai daga ciki Umma take buga shi ya miƙe."

Ta shiga zaure ta ɗauko gudumar Baba. Ta durƙusa, ta zura hannu ta saman taya, ta laluba bayan ƙarfen. Ta buga, bai motsa ba. Ta ƙara, shiru. Sai ta cije leɓe ta kai masa duka iya ƙarfinta.

Murja ta dafe kai ta ce, "Wayyo, kin ɓata!"

Lotsawar tana nan yadda take. Amma a gefenta ƙarfen ya tsiro waje kamar ƙurji. Fentin wurin ya tsage, wani ɗan ɓawo shuɗi ya faɗo ƙasa. Garin neman gira an rasa ido.

Murja ta sulale gida. Yarinyar ta ɗauko tabarma ta jingina a jikin motar, wai shanya take yi.

Da Malam Ilu ya dawo, tabarmar ya fara gani. Ya ɗaga ta. Ya daɗe a tsaye yana kallon wurin. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya tsinci ɗan ɓawon fentin, ya riƙe a tafin hannunsa. Shirun nan ya fi wa yarinyar bulala zafi.

Can ya ce, "Zo nan. Me ya faru?"

Ta fashe da kuka, ta faɗi komai, har da gudumar.

Ya ce, "Gobe ki shirya. Tare za mu je Gumel."

Washegari da hantsi suka isa garejin Malam Ubale. Shi mai gyaran jikin mota ne, kuma ya iya fitar da lotsawa ba tare da an yi sabon fenti ba. Bayan sun gaisa, ya shafa wurin da yatsunsa.

Ya yi dariya ya ce, "Malam Ilu, ragon nan ya yi aikinsa da tsabta. Wannan za ta fita, in Allah ya yarda." Sai yatsansa ya kai kan ƙurjin. Dariyar ta tsaya. "Wannan kuwa ba ƙaho ba ne."

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce, Malam. Da guduma."

"To, Allah ya taƙaita. Da kin ƙara bugu kaɗan, sai an kankare gefen nan gaba ɗaya an fesa sabon fenti."

Malam Ilu ya yi ajiyar zuciya.

Malam Ubale ya miƙa wa yarinyar wata doguwar fitila. Ya ce, "Tun da kina son gyara, riƙe mini nan. Kada ki motsa. Da hasken nake ganin inda ƙarfen ya karkace."

Ya fara ɗumama wurin da injin hura iska mai zafi.

Ta ce, "Malam, me ya sa kake gasa ta?"

"Tsohon fenti ya bushe, 'yata. In ba a ɗumama shi ba, tsagewa yake yi."

Sannan ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, an naɗe bakin da roba. Ya zura shi ta saman taya, ta inda ta zura gudumarta. Ya fara dannawa a hankali daga bakin lotsawar. Ya danna nan, ya matsa kaɗan, ya sake dannawa. Ko ƙara ba a ji.

Hannun yarinyar ya gaji. Ta canja hannu, shi ma ya gaji. Rana ta take, masu adaidaita sahu suna ta wucewa, ita ba ta ga abin da ya canja ba.

Ta kasa daurewa ta ce, "Malam, ka danna da ƙarfi mana, ta fito gaba ɗaya."

Malam Ubale ya ce, "Ai kin gwada hakan jiya. Yaya kika gani?"

Har Baba sai da ya murmusa. Ita kuwa kunya ta rufe ta.

Aka yi sallar azahar, aka dawo aka ci gaba. Sai ta lura hasken fitilar da ke karkacewa a jikin motar ya fara miƙewa. Lotsawar da ta kai kwanon sha ta koma kamar murfin kwalba. Daga nan ta ɓace. Ta shafa wurin, sumul.

Ta yi tsalle ta ce, "Baba, ta fita! Wallahi ta fita!"

Saura ƙurjin. Malam Ubale ya kwantar da shi da wata 'yar sandar roba. Ƙarfen ya daidaita, amma inda fenti ya ɓare yana nan, kamar ƙwayar wake.

Ya ce, "Ƙarfe yana komawa. Fentin da ya faɗi ba ya komawa. Zan ɗiga masa kaɗan don kada tsatsa ta ci wurin."

Ya ɗiga da siririn buroshi. Launin ya kusa zama ɗaya, amma mai ido zai gane.

A hanyar komawa gida yarinyar ta zauna a gaba, kusa da Baba. Suka wuce gonaki da yawa. Can ta ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe miki. Amma faɗa mini, cikin ɓarna biyun nan wacce ta gyaru duka?"

"Ta rago."

"Wacce ta bar tabo?"

"Tawa."

"Da kin zo kin faɗa tun farko, da yau babu tabo ko ɗaya. Laifi yana gyaruwa in an faɗe shi da wuri. Ɓoye shi ne yake ƙara shi."

Ta ce, "Ba zan sake ba, Baba."

Ya tsaya a bakin hanya ya saya mata rake. Ya ce, "Malam Ubale ya ce kin iya riƙe fitila. Daga yau ke za ki riƙa taya ni goge motar nan."

Ta zaro ido. Bai taɓa barin kowa ya goge ta ba. "Ni, Baba? Bayan abin da na yi?"

"Ke fa. Yanzu kin san darajarta."

Yara, in kun yi kuskure, ku faɗa wa manya tun yana ƙarami. Kada ku ɓoye, kada kuma ku sa hannu a gyaran da ba ku iya ba.