Injiniyan da Hedikwata ta Turo

Ranar da Rachida ta fara haɗuwa da Faïçal, idanunsa kawai ta gani. A sashensu kowa cikin farar riga yake tun daga kai har ƙafa, baki da hanci a rufe, don ba a son ƙura ta sauka kan 'yan ƙwayoyin tangaran da kamfanin ke yi wa wayoyin salula. Aikinta shi ne ta duba su a madubin ƙara girma, ta ware masu tsaga.

Tun safe mutumin yake tsaye a bayanta yana kallon hannunta. Da abin ya ishe ta, sai ta ce ƙasa-ƙasa da Hausa, don a ƙasar Turawan nan ba ta zaci zai ji ba, "Wannan kuma wa ya aiko shi ya tsaya mini a ka?"

"Hedikwata ce ta aiko ni," ya amsa da Hausar Maraɗi. "Sannu da aiki."

Kunya ta rufe ta, shi kuwa sai dariya.

A shekarar 2006 ne, lokacin da raɗe-raɗi ya cika masana'antar cewa za a kwashe wani sashe a kai Meziko. Saboda haka da Faïçal ya fara jiran ta a wajen ajiye motoci, zuciyarta ta rabu biyu. Yana da kunya, yana da daɗin hira. Amma me ya sa kullum yake tambayar yadda aikinsu ke tafiya?

"Ke dai ki buɗe ido," in ji Hamsatou, wadda suke layi ɗaya. "Zaɓen waɗanda za a kora ya zo yi." Rachida ta lura Hamsatou ɗin ma ta fara sa kwalli in za ta zo aiki, sai ta rasa wa za ta zarga.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Rashi, yau ba ki kalle ni ba ko sau ɗaya. Laifin me na yi wa sheri, masoyiyata?"

Ta rubuta: "Ni kake so ko labarin sashenmu?"

"Ke. Wallahi ke."

Mahaifinta Baba Maazou, wanda ya daɗe yana aikin tanderun gasa tangaran a wannan kamfani, bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Yaron da ke cin abinci da manajoji, ya dawo ya zauna da mu, kunnen wa yake? Kada in ƙara ganin motarsa a ƙofar gidana."

Wata Asabar Hamsatou ta bugo waya, ta ce ta gan shi a wani gidan abinci a titin High Point Road tare da babban manaja, suna ta ƙus-ƙus. Ran Litinin Rachida ta tare shi.

"Faïçal, ka dubi Allah ka gaya mini. Sashenmu ne?"

"Naku ne. Tun zuwana na sani, an hana ni faɗa. Ran Asabar sun ce in bi injinan can in shugabanci aikin. Na ce ba ni zuwa."

"Kana kallon idona kullum, ka san aikina zai tafi?"

"Na sani. Shi ya fi komai ci mini rai."

"Dakor, shi ke nan," ta ce, ta shiga motarta. Sai da ta fita daga harabar ta bar hawayen suka zubo.

Ta daina amsa wayarsa. Ba ta yarda ya ƙi tafiya ba; ta ce wata dabarar ce. Da bazara aka rufe sashen, ita da Hamsatou suka rasa aiki, manyan motoci suka kwashe injinan. Rachida ta shiga makarantar koyon aikin jinya, tana jiran ta ji Faïçal ya bi injinan.

Sai wata rana Baba Maazou ya dawo ya zauna bai ko cire takalmi ba.

"Yaron nan yana wurinmu," ya ce. "An sauke shi, yanzu haƙoran tangaran da likitoci ke sa wa mutane yake gasawa tare da ni a bakin wuta. Na yi ta zuba masa ido in kama shi da wani abu. Ban samu ba." Ya dubi 'yarsa. "Na tambaye shi me ya zaunar da shi. Ya ce amsar tana gidana."

Rachida ta sunkuyar da kai. Daga baya ta ɗauki waya ta rubuta: "Har yanzu ina fushi."

"Na yarda, sheri. Ki yi fushin a kusa da ni."

"Baba ya ce ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah, a farfajiyar gidan wani dattijo ɗan Zinder a garin Pleasant Garden. 'Yan Nijar suka cika wurin, ma'aikatan tanderu suka zo da iyalansu, Hamsatou ce ma ta yi wa amarya lalle. Da za a tafi da ita, Baba Maazou ya kama hannun ango.

"Na zarge ka, ɗana, ka yafe mini. Ga ta nan, amana ce. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa albarka a gidanku."

Jama'a suka amsa da amin, Rachida kuma ta amsa tata a hankali daga cikin mayafi.