Ta Kama, Baba Isaiah

Aikin da ya kai Baba Isaiah bakin daji ranar nan bai wuce danna maɓalli ba. Ni Bushira ina ofis lokacin da aka aike shi, da kunnena na ji.

Wata ƙungiya muke yi wa aiki a Birnin Gwari, mai tattara bayanan ruwan sama da amfanin gona. Ta dasa kwamfutoci a ƙauyuka, kowace a ɗan ɗakin kwano da sola a kansa. Gayya suke yi: a raba musu lissafi, kowace ta nome kunyarta, sannan a haɗa. In ɗaya ta zauna, sauran sai su tsaya jiranta. Nu'uman, injiniyanmu, daga teburinsa yake shiga cikinsu ta intanet.

Bayan la'asar sai kwamfutar da ke bayan Dogon Dawa ta ɓace. Sauran kore a allo, ita ja. Nu'uman ya duba data, akwai. Ya sake saka lambar sirri, ya zare wayoyi ya mayar, ya zagaya ta kwamfutar Kusasu ko za ta amsa daga can. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ga mutanen babban ofis na Kaduna sun dame shi da kira, rahoto suke jira.

Sai ya kira Baba Isaiah, manomin da ke kula da ɗakin.

"Baba, taimaka ka je ka kashe ta ka kunna."

"Injiniya, rana ta yi sanyi. Mu nan ba ma tsallake rafin nan in tsuntsaye sun fara komawa. Akwai masu wurin."

Nu'uman ya ja tsaki. Mutumin kirki ne, amma in aiki ya matse shi ba ya ganin gabansa. "Haba Baba, yanzu za ka dawo. Ka dai tsaya a wurin, kada ka tafi sai na ce maka ta kama."

Tsohon ya ce to. Shi kuwa in ya ce to, to ɗin ke nan.

Can sai jan ya koma kore. Nu'uman ya buga tebur don murna, ya duƙufa, ya tura rahoto. Har masara gasasshiya muka saya muna ci muna hira. Wayarsa na nan gefen hannunsa, bai kira ba. Ni ma, Allah na gani, ban tuna masa ba.

Gab da magariba Mama Lydia, matar Baba, ta kira. Maigida bai dawo ba. In ta buga wayarsa, sai a ce yana magana da wani.

Muka kalli allo tare. Ja. Kore. Ja. Kore.

Wani yana can yana dannawa.

Nu'uman ya zari makullin babur. Na ce, "Kana hauka ne? Hanyar nan yanzu?" Ya ce, "Ni na ajiye shi a can." Sauran labarin daga bakinsa na ji, kuma ban san shi da ƙari ba.

Ya bar babur a bakin rafi, ya tsallaka da ƙafa. Ruwan sanyi ƙalau. Daga can tsallake babu kukan gyare, babu kwaɗi, ko ganye ba ya motsi. Sai warin toka jiƙaƙƙiya da na ƙonanniyar waya.

Sai kuma wata ƙara daga ɗakin kwanon.

Ƙas. Ƙas.

Ƙofa a buɗe. Baba Isaiah na tsaye gaban akwatin kwamfutar, fartanyarsa yashe a ƙasa. Hannu ɗaya riƙe da waya a kunne, ɗayan a kan maɓalli. Babban yatsan ya fashe, jini ya bi akwatin ya bushe.

Wayar a mace take, fuskarta baƙa ƙirin.

Amma ana magana. Daga kusurwar da ke bayan tsohon, inda duhu ya yi tsawo har ya tanƙwara a jikin rufi, murya ta fito a hankali.

"Ba ta kama ba. Kashe ka kunna."

Muryar Nu'uman ce. Har da tsakin.

"To, Injiniya," in ji Baba.

Ƙas.

Nu'uman ya tsaya a bakin ƙofa. Ya nemi addu'a a bakinsa, ta zo a kakkarye. Ya ce da raɗa, "Baba, ga ni. Ta kama. Mu tafi."

"Ba ta kama ba," in ji duhun.

Tsohon ya juyo da kai, idanunsa na yawo tsakanin ƙofa da kusurwa. Murya ɗaya, wuri biyu. Yatsan ya sake komawa kan maɓalli.

Duhun ya matso. Sanyinsa ya taɓa fuskar Nu'uman.

Nan hawaye suka zubo masa. "Baba, ka yafe mini. Tun ɗazu ta kama. Ni na manta da kai, na zauna ina cin masara."

Kusurwar ta yi shiru. Umarni kawai ta kwasa daga bakin Nu'uman a waya, ba ta taɓa jin ya ba da haƙuri ba.

Yatsan ya tsaya.

Nu'uman ya fizgi tsohon, ya saɓa shi a kafaɗa, ya zura da gudu. Ya faɗi a rafi, ya tashi, bai waiwaya ba. A bayansu, a ɗakin da babu kowa, ƙarar ta ci gaba.

Ƙas. Ƙas.

Washegari da rana tsaka aka je aka kwance kwamfutar. Tana cikin kwali ƙarƙashin teburina, babu batir, babu waya. Amma duk yamma sunanta kan fito a allo, ja, kore, sai in rufe da ɗankwali.

Baba Isaiah ya warke, yana noma, yana zuwa coci. Sai dai da tsuntsaye sun fara komawa yakan miƙe ya nufi rafi. Mama Lydia ta riƙe, fasto ya yi addu'a, 'ya'yansa sun kulle ƙofa, duk a banza. Abu ɗaya ke zaunar da shi, shi ne Nu'uman ya kira ya ce ta kama.

Haka aka yi ta yi har aka katse layin waya a yankin. Ran nan Nu'uman ya ajiye mini makullin ofis, ya ɗaure katifa a babur. Ya kama ɗaki a jikin gidan Baba, ba ya zuwa ko'ina da zai hana shi dawowa kafin magariba.

Na kai musu ziyara sau ɗaya. Muna cikin hira tsohon ya ajiye ƙoƙon kununsa, ya miƙe, yatsansa na motsi.

"Injiniya, ta kama?"

Nu'uman ya riƙo hannun, kansa a ƙasa.

"Ta kama, Baba. Zauna."