Ranar da Mozzarella Ta Shiga Firji

Ornella ta buɗe firji don ta ɗauko ruwan sanyi.

Ga kwanon mozzarella nan zaune daram a tsakanin kwalabe.

Ta kai hannu ta taɓa. Sanyi ƙarara.

A garinmu, nan gefen Paestum, gara ka zagi mutum da ka sa masa mozzarella a firji. Ko yaron goye ya san haka. Cukun nan na nonon ɓauna da asuba ake yinsa, a bar shi cikin ruwansa a inuwa, a cinye a ranar. Da zarar ya sha sanyi sai ya ƙanƙame kamar roba, madarar cikinsa ta ƙafe. Wannan kuwa ba na kasuwa ba ne. Nello ne ya yi shi da hannunsa, saurayin Ornella, ɗa tilo ga Donna Titina mai gidan cuku, wadda kowa ya san daɗin cukunta, ya kuma san kaifin bakinta.

Yau ce Ferragosto, hutun tsakiyar Agusta, kuma yau ce ranar farko da Donna Titina ta yarda Ornella ta yi wa dangi girki. Ba wanda ya kira shi gwaji, amma kowa ya sani. Tun bara take faɗa a gaban kowa cewa ɗanta ba zai auri 'yar mai kokwamba ba, baƙuwa daga yankin Puglia, wadda ubanta ke kasa kayan lambu a kasuwa. Nello ya sha cewa a ɗaura auren kawai, Mamma za ta sauko daga baya. Ornella ce ta ƙi. Tana ƙarama uwarta ta rasu, ta kuma yi wa kanta alkawari ba za ta shiga gidan da uwa ba ta sa mata albarka ba. Uwa take nema a gidan nan, ba miji kaɗai ba.

"Au, kin gani?"

Mena ce a bakin ƙofa, 'yar maƙwabta, wadda Donna Titina ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awa.

"Ni na sa miki, ƙawata. Na ga zafin ya yi yawa, na ce kada ya lalace miki... Ko ba haka kuke yi a garinku ba?"

Ta yi murmushin nan nata mai sanyi, ta juya ta fice.

Ornella ta tsaya riƙe da kwano, hawaye na ɗiga cikin ruwan cuku. A haka Nello ya same ta. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya ce bari ya ruga ya ɗauko wani, sai ya tuna ranar hutu ce, tun hantsi aka saye komai. Ya ce to zai faɗa wa Mamma shi ya sa.

"Kai? Wanda aka haifa a bakin tukunyar cuku? Wa zai yarda?"

"To zan faɗi gaskiya. Mena ce."

"Sai a ce tun ban shigo ba na fara haɗa ku faɗa da maƙwabta."

Ya share mata hawaye da bayan hannunsa, hannun nan da ruwan zafi ya mayar ja.

"Rabin raina, don Allah ki daina. Cuku ne fa."

"Ba cuku ba ne, Nello... Kai ne."

Ta kore shi waje, don in yana kallonta haka ba ta iya tunani.

Ta san in ta yanka shi fale-fale ta jera da tumatir kamar yadda ake yi a nan, asiri ya tonu tun kafin a kai cokali baki. Sai ta tsoma kwanon cikin ruwa mai ɗumi, ta jawo kwandon da babanta ya ba ta da safe. Tumatir ne jajaye masu ɗumin rana, da kokwamba 'yan gajeru na lambunsa, waɗanda ta tura ƙarƙashin tebur don kunya.

Ta fere su sama-sama, ta yayyanka. Ta barbaɗa wa tumatir gishiri, ta bar shi ya saki ruwa. Cukun kuwa da yatsu ta yayyage shi ƙanana, ta zuba cikin ruwan tumatir ɗin don ya sha ya yi laushi. Ta tsinke ganyen ɗoɗɗoya, ta kwarara man zaitun, ta juya a hankali. Haka uwarta ke yi wa masu aikin gona in rana ta take. Ƙamshin ya sa ta kewar uwar.

A tsakar gida an haɗa tebura ƙarƙashin rumfar inabi. Ƙannen uwa da na uba sun hallara, kowa da fifita. A can kan tebur Don Sabato ne zaune, mahaifin Nello. Tun ciwon da ya kwantar da shi a bazara abinci ya fita ransa. Ya rame har zobensa na yawo a yatsa. Donna Titina ta dafa masa duk abin da ta iya a duniya, sai ya kalli faranti ya ce zafi ya yi yawa.

Ornella ta ajiye akushin.

Wata gwaggo ta leƙa, ta dafe ƙirji ta ce kokwamba ce take gani cikin mozzarella ko idonta ne. Wani kawu ya ce saura a zuba kankana. Mena ta rufe baki tana dariya.

Donna Titina ba ta yi dariya ba. Ta soki ɗan cuku, ta tauna sau ɗaya, ta ajiye cokali.

"Wa ya sa mozzarellar ɗana a firji?"

Nello ya buɗe baki. Ornella ta matse masa hannu a ƙarƙashin tebur.

"Ni aka damƙa wa kicin, Donna Titina. Duk abin da ya fito daga ciki, ni za ki tambaya."

Tsohuwar ta zuba mata ido. Ornella ta sunkuyar da kai, ta san shi ke nan, ta rasa shi.

Sai aka ji wata 'yar ƙara. Ƙurus... ƙurus...

Don Sabato ne. Ba wanda ya lura lokacin da ya jawo akushin gabansa. Yana ci a hankali, mai na bin gemunsa. Ya gutsuri burodi ya dangwali ruwan tumatir, ya sake gutsura.

"Titina," ya ce, "wannan yana wucewa. Akwai saura?"

Donna Titina ta miƙe da kanta ta ƙara masa, ta tsaya a kansa har ya suɗe farantin. Daga nan ta juya wajen Mena, ta ce mata cikin ruwan sanyi ta koma gida ta gaida mamarta, rana ta yi. Ashe da safe da idonta ta ga Ornella tana neman wa kwanon cukun inuwa, har tana tambayar ko kan dutsen taga zai yi. Ta san ba ita ta sa shi a firji ba, kuma ban da ita Mena kaɗai ta shiga kicin. Mena ta tashi ba ta ko ɗanɗana kayan zaƙi ba.

Bayan an watse, sai da Ornella ta gama wanke-wanke tana shirin tafiya, zuciya a karye, ta ji Donna Titina ta ce daga bayanta:

"Gobe da asuba ki zo gidan cuku. Ki naɗe hannun riga."

Da asuba ta iske tururi ya cika ɗakin. A gidan Donna Titina ma'aikaci zai iya tatsa, ya yi dako, ya yi wanki, amma tsinkar mozzarella sai ɗan gida, kuma mutum biyu ke yinta, ɗaya ya riƙe curin, ɗaya ya tsinka. Tsohuwar ta ɗago farin curi daga ruwan zafi yana sheƙi, ta miƙo mata.

Ornella ta sa hannu ta janye da sauri.

"Da zafi, ko? Za ki saba. Sa babban yatsa nan, ki matse, ki tsinke."

Ta farko ta fito a karkace. Ta biyu ma haka. Donna Titina ta yi tsaki ta ce wannan ko kyanwa sai an roƙe ta. Amma ba ta sake ta ba, ta ɗora hannunta a kan nata har ta uku ta faɗa ruwa, mulmulalla.

"Babanki ya riƙa aiko da kokwambar nan kullum. Don tsohon nan ne, ba don ni ba."

"To, Donna Titina."

"Wace ce kuma Donna Titina? A ɗakin nan Mamma ake ce mini."

Rabon Ornella da kalmar nan tun tana 'yar firamare.

"To... Mamma."

Tsohuwar ta kau da kai, ta ce tururin nan yana damun idonta. Ta hango ɗanta a bakin ƙofa yana murmushi kamar wawa.

"Kai kuma me ka tsaya kallo? Hannuna ya gaji. Zo ka riƙe wa matarka."