Kalmar Sirrin Zunaira

"Wa kika ba kalmar sirrinki?"

Zunaira ta ɗago ta dubi mai tambayar. Madam Rukhsana, shugabar ɗakin karatun jami'arsu a Lahore, ba ta da wasa ko kaɗan.

"Jiya an kwashi tulin maƙalu daga rumbun mujallun bincike na intanet da sunanki, har kamfanin da ke da rumbun ya rufe wa jami'a shi gaba ɗaya! Ki faɗi sunansa, ko ki manta da kare kundinki ranar Litinin."

Innalillahi! Abbu, mahaifinta, ya riga ya rantse: babu digiri, babu maganar aurenta da Shehroz.

Shehroz ɗin kuwa shi ta ba wa, don ƙaramar kwalejin da yake koyarwa ba ta da rumbun. In ta ambaci sunansa, aikinsa ya tafi.

"Ni ce, Madam..."

"Ƙarya take yi!"

Shehroz ne tsaye a ƙofa, gumi sharkaf, hular babur a hannu.

"Madam, ni na kwasa. Ban san an iyakance yawan da za a kwasa ba."

Zunaira ta juyo a fusace, hawaye na zuba.

"Me za ka yi da su? Kai da lissafi kake koyarwa!"

"Naki ne, jaan, masoyiyata. Na tambaye ki yaya babin ƙarshe, kika ce lafiya lau, amma muryarki na rawa. Sai na rubuta 'sadarwa' na kwaso miki duk abin da ya fito."

"Duka?! Ba ka iya tace nema ba?"

"Ke ma ba ki iya cewa 'taimake ni' ba."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Shekara biyu tana nazarin yadda ɗan Adam ke isar da saƙo, amma ta kasa buɗe baki ga wanda take so.

Madam ta cire tabarau, ta dubi Zunaira.

"Ba zan kai ƙararsa ba. Amma doka doka ce, 'yata. Kundinki sai zango mai zuwa."

A waje Zunaira ta fashe da kuka. Ya tsaya gefenta, ya rasa inda zai sa kansa.

"Zan jira ki, wallahi, ko zango goma ne."

Ta share ido da gefen gyalenta, ta fizge hular babur ɗin ta kifa a kanta.

"Tayar da babur mu je gida. Da bakinka za ka yi wa Abbu bayani."