Shafi na Talatin da Bakwai

Kwadon yana nan a rufe, gilashin kabad ɗin ko tsagewa bai yi ba. Amma da Malama ta buɗe shi ranar Litinin da safe don ƙidayar shekara, ta tura littattafan kantar sama da tafin hannu, sai suka zame gefe guda, suka bar rami. An sassauta jerin ne yadda ido ba zai ga giɓi ba. Ta bi kanta shida da katuna a hannu. Littafi arba'in da ɗaya babu.

Shekara huɗu tana aiki a laburaren nan, ko fensir bai taɓa ɓata a hannunta ba. A teburin da mahaifinta ya zauna shekara talatin da ɗaya take zaune, kuma ba alfarma ce ta kawo ta ba, jarrabawa ta ci.

Shugaban laburaren ya zo ya tsaya yana kaɗa makullin motarsa. Shi ne ya sa aka kulle littattafan nan shekara bakwai da suka wuce, wai kada masu karatu su lalata su.

"Makullin kabad nawa ne, Malama?"

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurinka."

"To. Ko ke, ko mai gadi. Ranar Alhamis ƙarfe goma ina son suna. In babu, ki kawo min makullai, shi kuma mai gadi ya yi wa 'yan sanda bayani."

"Ranka ya daɗe, ka manta mutum na uku a lissafin."

Ya harare ta, ya ja ta ofishinsa, ya zaro ambulan daga ƙasan aljihun tebur. A liƙe take, da sa hannunsa da kwanan watan shekara biyu baya, ƙura ta yi mata bargo. Makullin yana ciki. Mutumin da bai buɗe littafi ba tun zuwansa, me zai yi da arba'in da ɗaya? Ta cire shi daga zargi, ba don ta so ba.

Mai gadi yana bakin ƙofa a kan bencinsa, hularsa a gwiwa.

"Baffa, kana duba jakar kowa in zai fita?"

"Kowa da kowa, Malama. Har ta 'yan mata, suna zagina ina dubawa."

"Babu wanda ke wucewa?"

"To, ban da manya. Wa ya isa?" Ya share ido da bayan hannu. "Ni da ban san alif ba, me zan yi da littafi? Matashin kai?"

Ta ɗauka Shugaba yake nufi da manya. Ba ta ƙara tambaya ba.

Da yamma ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba. Inna tana ninke wanki a tsakar gida. Baba yana kan kujerarsa da jarida a cinya, yana zuba shayi, yatsansa a bakin kofi.

"Uwata, yau shiru?" in ji shi. Haka yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Gajiya ce, Baba."

"Karanto mana shirmen mutanen wayar nan, ko kya ware," in ji Inna.

Al'adarsu ce kullum. Akwai wani zaure a intanet da mutane ke saka hoton abin da suka tsinta a cikin tsofaffin littattafai. Malama ta karanto musu wanda ya tsinci rabin mataji, da wadda ta tsinci hoton akuya sanye da tabarau.

"Wannan akuyar ta fi babanku kama da mai ilimi," in ji Inna. "Shi nasa tabaran ma ya daina sawa."

"Ta fi ni gemu dai," in ji Baba.

Sai Malama ta kai kan wani rubutu. Wata ɗaliba ce: ta tsinci littafi a kan benci a tashar mota, labarin ya yi daɗi, ana gab da buɗe wasiƙa sai ga shafi na talatin da bakwai babu, an yanke. Don Allah wa ke da shi? A ƙasa mutum fiye da ashirin sun amsa. Wannan ya tsinci nasa a shagon aski, wancan a layin asibiti, kowa da fallen da aka yanke masa. Har sun sa wa mai yankan suna Gara Mai Lissafi.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Malama ta buɗe hoton farko. Bangon kore ne, da ɗinkin jan zare a gindi. Ta san littafin kamar yadda ta san tafin hannunta.

"Me aka ce kuma?" in ji Baba.

"Babu komai. Cajin ne ya ƙare."

Kowane laburare yana da shafin sirri. Ban da hatimin da ake bugawa a farko, akwai wani ƙarami da ake bugawa can cikin littafi, kusa da ɗinki, a shafi guda da ma'aikata kaɗai suka sani. Ɓarawo zai yage na farko ya ɗauka ya gama. Na laburarensu na asali talatin da bakwai ne. Da ɗan gari akan ci gari: wanda ya yi wannan aiki ɗan gida ne.

Ranar Talata ta shiga ɗan ɗakin mai ɗinkin littattafai, inda warin gam ke tarar mutum tun daga ƙofa. Wuƙaƙensa suna jere a kan tebur. Ta aje masa wayar a gaba.

"Kai ne mai wuƙa a gidan nan."

Ya matso da hoton kusa da hanci, ya yi tsaki.

"Haba, Malama. Ki zarge ni da sata in kin ga dama, amma kada ki zarge ni da wannan yanka. Reza ce, kuma hannun yana rawa. Ni da na yanka, sai kin ƙirga za ki gane."

"Wannan ba hujja ba ce."

"To ga hujja. Wannan shuɗin littafin bara aka sayo shi, ni na sa masa bango. Me zan nema a talatin da bakwai? Ai shekara biyar ke nan da aka mayar da hatimi hamsin da ɗaya."

Ta tsaya cak. Ta tura wa mai shuɗin littafin saƙo, ta roƙe shi hoton shafi na hamsin da ɗaya. Kafin azahar ya turo. Hatimin yana nan, ɗan ƙarami, ko taɓa shi ba a yi ba.

Rannan Talata ce, ranar da Baba ke kawo mata abincin rana a jakarsa ta fata, ya zauna a kujerarta ya tsare mata tebur har ta ci ta dawo. Bai zo ba. Inna ta bugo ta ce kansa ke ciwo.

Malama ta jera hotunan duka bisa kwanan wata, ta rubuta lambar fallen da aka yanke a gaban kowanne. Na watannin farko, talatin da bakwai ne cif. Daga wata na huɗu sai ga talatin da biyar. Sai talatin da tara. Na makon jiya, arba'in da ɗaya, kuma yankan ya ci rabin rubutun shafin da ke biye. Ta tambayi wanda ya tsinci nasa a layin asibiti wane ɓangare ne. Ya ce na ido.

Ta fita wurin mai gadi.

"Baffa, manyan da ka ce jiya. Su wa da wa?"

"Shugaba mana. Sai Malam Babba." Ya yi murmushi. "Mahaifinki ai shi ya ɗauke ni aiki. In sa hannu a jakarsa? Gara hannun ya bushe."

Ta koma teburinta ta zauna. Wani ya zo aron littafi, ta buga masa kwanan wata daidai, ta ce ya kula da bangon. Hawayen bai zubo ba. Ba ta ba shi izini ba.

Ranar Laraba da hantsi, Inna ta tafi kasuwa, Malama ta ja kujera gaban mahaifinta. Ta ɗauki jaridar da ke cinyarsa.

"Baba, me suka ce yau?"

"Abin da suka saba. Ƙarya da talla."

"Ta watan jiya ce. Kuma a juye take."

Ta aje jaridar, ta ci gaba.

"Wanda ya kwashi littattafanmu ya san shafin sirri, to ma'aikaci ne. Tsohon ya sani, bai san sabon ba, to ya bar aiki kafin a canza. Mutum ɗaya ne ya bar aiki a lokacin. Makullina yana aljihun tebur duk Talata in na tafi cin abinci, kuma jaka ɗaya ce mai gadi ba ya taɓawa ban da ta Shugaba." Ta matso da kujerarta. "Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne, mai ido zai buɗe talatin da bakwai na sabon littafi ya ga babu hatimi, ya bar shafin. Wannan bai gani ba. Daga baya ma ya daina ganin lamba, yana ƙirga falle da yatsa. Tun yaushe, Baba?"

Ya shafa hannun kujera.

"Wata takwas. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, saura ma yana hanya."

"Inna ta sani?"

"Ta ɗauka tsufa ne. Ke ce na fi ɓoye wa. Ido gare ki kamar na kakarki."

"Ido gare ni? Kullum ina kallon ka kana zuba shayi da yatsa a kofi, ban gani ba. Sai da baƙi a waya suka gaya min ubana ya makance."

"Uwata..."

"Me ya sa?"

"Ranar da likita ya gaya min, wurinki na zo. Na buɗe kabad ɗin don in yi sallama da su. Na duba takardar aro ta bayan kowanne. Shekara bakwai babu wanda ya buɗe ko ɗaya. Ni na nemo rabinsu, wasu a bayan keke na kawo su. Ni ga ni zan rasa ido, su ga su an hana su idanu. Sai na ce to, bari in kai su inda ido yake."

"Ka yanke su."

"Don kada a kama wanda ya tsinta a ce ɓarawo ne. Duk yanka ɗaya sai na ji kamar yatsana." Ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo wani gwangwanin biskit. "Ban yar da ko ɗaya ba."

Ta buɗe. Falle arba'in da ɗaya, a jere, an ɗaure su da zare.

"Ba ka tuna da ni ba? Da mai gadi?"

"Na ɗauka ba za a ƙirga ba sai bayan raina. Na manta irin 'yar da na haifa." Ya miƙe yana neman sandarsa. "Gobe ni zan je in faɗa."

"Ba za ka je ba."

"Ni ne ubanki."

"Shi ya sa. Shekara talatin da ɗaya kana gina suna. Ba za ka ƙare a bayan kantar 'yan sanda kana laluben bango yara suna nuna ka ba. Zauna, Baba."

Ranar Alhamis ƙarfe goma daidai ta shiga ofishin Shugaba da rigarta mafi kyau. Ta aje makullai a kan tebur.

"Mai gadi ba shi da hannu, mai ɗinki ma haka, na rubuta na sa hannu. Ni na bar makulli inda bai kamata ba, har wata takwas. Laifin nawa ne."

"Kin san wanda ya ɗauka."

"Na sani."

"To wa?"

"Ka ce suna ko makullai. Ga makullai."

"Kin san ba za ki ƙara samun aiki a wani laburare ba?"

"Ranka ya daɗe, littattafan nan sun sami masu karatu a wata takwas fiye da yadda suka samu a shekara bakwai. Wannan ma ka sa a rahoton."

Ta ɗauki kofinta da hatimin kwanan wata da ta saya da kanta. Mai gadi ya miƙe zai yi magana. Ta buɗe masa jakarta, ta tsaya har sai da ya duba.

Da la'asar ta shimfiɗa fallayen a kan tabarma, ta ɗauki hoton kowanne gaba da baya, ta tura wa masu nema. Ɗalibar tashar mota ta amsa nan take: ashe wasiƙar daga uban jarumin labarin ce.

Baba yana kujerarsa, babu jarida a cinya. Inna tana gefensa, idonta ya kumbura, ta riƙe masa kofi.

"Uwata, karanto min wani abu."

Ta ɗauki falle ɗaya daga gwangwanin. Daga tsakiyar jimla ya fara, ta bi shi a hankali har ƙasa, ta juya, ta kai layin ƙarshe inda maganar ta yanke.

"Nan ya tsaya, Baba. Saura yana hannun wani."

Ya ɗaga fuska wajen da yake jin muryarta, ya ƙarasa jimlar da ka, ya wuce zuwa ta gaba. Sai a lokacin ta bar hawayen ya zubo, a hankali, yadda ba zai ji ba.